Yadda ake haɗa wa 'yar tsana kayan tamaula, na 'yan tafi da na kokowa

'Yan tsanan roba da ake sayarwa a kasuwannin Maradi kusan duk shigarsu ɗaya: doguwar riga mai ƙyalli, takalmi mai tsini, wani lokacin da ɗan mataji da madubi a cikin kwalin. Kayan biki ke nan. Yaran da ake saya wa su kuwa ba biki kaɗai suke gani ba. Suna kallon wasan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, a talabijin, suna jin gangar kokowa a rediyo lokacin Takobin Ƙasa, babbar gasar kokowar Nijar, yayyensu na buga tamaula a ƙofar gida kowace la'asar. Ranar da yarinya ta ce ɗiyarta 'yar ƙwallo ce, ko yaro ya ce a yi masa ɗan kokowa, da wuya ki sami butik ɗin da za ki shiga ki sayo kayan. Sai dai a haɗa a gida. Abin daɗin shi ne, yawancin abin da ake buƙata yana nan zube a ƙarƙashin keken tela da gaban baduku.

Awo tukuna, sannan almakashi

Duk ƙoƙarin da za ki yi, in awo ya kuskure yara ne za su fara yi miki dariya. Ƙwallon da ya kai wa 'yar tsana ƙugu ba ƙwallo ba ne, kuma ba fentin da zai gyara shi.

Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna tsawonta daga ƙafa zuwa ka. Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fara fitarwa a 1959, tsawonta kusan santimita 29 ne, kuma mafi yawan na kasuwa da ake kwaikwayonta da su haka suke. Babban mutum ya ninka wannan kusan sau shida. To, ga lissafin da dukan aikin ya rataya a kansa: kowane abu za ki yi, ki nemi girmansa na gaske ki raba shida. In 'yar tsanarki ƙarama ce, mai santimita 15, ki raba goma sha biyu. In irin manyan nan ce masu kusan 45, ki raba huɗu. Ta kara ko ta ƙyalle da aka ɗinka a gida ma haka: ki raba 170 da tsawonta, abin da ya fito shi ne lambarki. Duk awon da zan bayar daga nan na mai santimita 29 ne.

Ƙugu da kwankwaso kam sai kin auna taki, don kowane kamfani da irin ƙirarsa. Ki zagaya zare, ki tsunke shi da farce inda ya haɗu, ki shimfiɗa a kan tef.

Kaya da abin manni

Almakashi mai kaifi, reza, allura da zare, ƙaramar filaya, fensir, da baƙar maka wadda rubutunta ba ya gogewa. Sauran sai tsince-tsince: guntayen ƙyalle, tsohuwar safar yara, ledoji masu launi, murafan kwalba, kwali, wayar ɗauri irin ta magina, karan dawa, buhun albasa mai raga, guntun fata.

Abin manni ne ke son magana. Farin kol na kafintoci shi ne abokin aiki: yana riƙe kwali, kara, ƙyalle da fata, in ya bushe kuma ba ya nuna. Ƙaro da aka jiƙa ya narke yana isa ga takarda. Supagulu a bar shi ga roba da ƙarfe kawai, kuma babba ne zai riƙe shi. Kada ki ɗiga shi a kan auduga ko zaren ulu, domin haɗuwarsu na ɗaukar zafi nan take har ya iya ƙona yatsa, wurin kuma ya sandare ya yi fari.

Ƙwallon ƙafa

Ƙwallon manya zagayensa santimita 68 zuwa 70 ne, faɗinsa kusan 22. A raba shida, an sami 3.7. Ƙwallon tebur faɗinsa santimita 4 daidai, don haka farin ƙwallon tebur ya rage miki rabin aiki. Ga ƙananan 'yan tsana, ki ɓalle ƙwallon da ke bakin kwalbar turaren hammata mai birgima, ki wanke shi da sabulu.

In ba ki sami ko ɗaya ba, ki dunƙule takarda da ƙarfi ta kai santimita 3.5, ki naɗe ta da zare ta ko'ina, ki dama fulawa da ruwa da ɗan gishiri a kan wuta har ta yi kauri, ki riƙa tsoma siraran takardu kina lulluɓewa hawa uku ko huɗu. A inuwa za ta bushe. Rana tana tsaga ta, iskan hunturu kuma ya ishe ta cikin yini. In ta bushe ki goge da sanfefa, ki shafa farin fenti. A duba takardar da za a yaga, kada a haɗa da mai ayoyi.

Zanen ne ke ba mutane wuya, don suna fara zana baƙaƙen gidajen da ka, sai a zo ƙarshe wuri ya ƙare ko ya yi saura. Ƙwallon nan mai baƙi da fari da ya yi suna tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko yana da baƙaƙen gidaje 12 masu kusurwa biyar, da farare 20 masu kusurwa shida. Fararen ba a zana su, da kansu suke fitowa. Ga yadda za ki yi, da fensir tukuna.

Ƙwallon tebur yana da layin haɗi a tsakiyarsa, in kin ɗaga shi ga haske za ki gan shi. In naki ba shi da shi, ki zagaya zare ki zana. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a can ƙoli, ɗaya a can ƙasa. Sai ki hau milimita 9 daga layin tsakiya, ki jera ɗigo biyar a zagaye, tsakanin kowane biyu milimita 22. Ki sauka milimita 9 ƙarƙashin layin ki jera wasu biyar, amma kowanne ya faɗa tsakanin biyu na sama, ba a ƙarƙashin ɗaya ba. Ɗigo goma sha biyu ke nan. Awon a kan abu mai zagaye da guntun takarda ake yinsa: ki yanki siririya, ki yi mata alama a 9 da 22, ki riƙa lanƙwasa ta a jikin ƙwallon.

Yanzu kowane ɗigo yana da maƙwabta biyar mafi kusa da shi. Ki ja layi mara nauyi daga kowanne zuwa maƙwabtansa, ƙwallon zai cika da gidaje masu kusurwa uku. Ki raba kowane layi uku, ki sa alama biyu. Alamomi biyar ɗin da suka kewaye kowane ɗigo ki haɗa su, gida mai kusurwa biyar ya fito, ki cike shi da baƙar maka. Kason tsakiya na kowane layi ki bi shi da siririn baƙi. Ki goge sauran fensirin. Ki cike gida uku ko huɗu ki ajiye ya sha iska kafin ki juya, in ba haka ba yatsunki za su kwashe tawadar su buga ta a kan farin.

Kada ki yi saurin shafa jan farce mara launi a kai don ya yi sheƙi, yana narkar da tawadar maka. Farin kol da aka tsinka da ruwa, shafi ɗaya, ya fi aminci. Ƙwallon tebur kuma ba ya shiri da wuta, a nisanta shi da murhu.

Raga da kwando

Ragar babban fili mita 7.32 ce a faɗi, 2.44 a tsayi. In an raba shida za ta kai santimita 122, ta cinye rabin ɗaki. Ki ɗauki awon ta ƙaramin fili, mita 3 da 2, wato santimita 50 da 33. Karan dawa miƙaƙƙe, busasshe, mai kaurin yatsa: biyu a tsaye, ɗaya a sama, biyu a kwance zuwa baya, ɗaya ya haɗa su a ƙasa. A kowace mahaɗa ki fere bakin karan ya zauna, ki soka tsinken tsire ya ratsa, ki naɗe da zare ki ɗiga kol. Buhun albasa ki wanke ki yanka ki ɗinke a jiki. Wasu na sa tsohon gidan sauro, amma yawancinsu an jiƙa su da maganin sauro, yara kuma ba sa raba hannu da baki, ni ban ba da shawararsa ba.

Ƙwallon kwando ya fi sauƙi, don faɗinsa kusan santimita 24 ne, ƙwallon tebur mai ruwan goro ya zauna masa cif. Layi biyu da suka gitta juna suka zagaye shi, da lanƙwasassu biyu a gefe, shi ke nan. Zoben na gaske santimita 45 ne, naki 7.5: ki naɗa waya a jikin kofin da ya kai haka, ki murɗe bakin, ki soka a allon kwali mai 30 da 17. Tsayin zobe daga ƙasa mita 3.05, naki santimita 51.

Rigar 'yan wasa

Safar yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ita ce riga, ba sai an yi wani dogon ɗinki ba. Ki yanke ƙafar, ki riƙe bututun sama mai santimita 8. Bakin da ke da roba shi zai zama ƙasan riga. Ki ɗinke ɗaya bakin daga gefe da gefe ki bar tsakiya don wuya, ki ɗan tsaga gefuna biyu don hannuwa. Tsagar ta zama ƙarama sosai, safa tana buɗewa da kanta. Ki bi bakin da ɗinkin hannu don kada ta warware. A saka wa 'yar tsana ta ƙafa, ba ta ka ba, gashinta ya huta.

Lamba ki yanka daga farin filasta ki manna, tsayinta santimita 3 a baya. Wando daga wata safar: bututu mai santimita 7, a tsaga tsakiya zuwa rabi, a ɗinke kowace ƙafa. Doguwar safar ɗan wasa kuwa yatsun tsohuwar safar hannu ne. Launi ya rage ga mai 'yar tsana. In Mena ce, ruwan goro da fari da tsanwa. In yaron gidan ɗan Dan Kassawa ne ko Jangorzo, ƙungiyoyin ƙwallon Maradi, ki tambaye shi launin da yake so kafin ki yanka, ki huta da gardama.

Takalmi ne kawai ba zan ce ki wahalar da kanki a kai ba. Ƙafar waɗannan 'yan tsana a ɗage take, an ƙera ta don mai tsini. Ki naɗe ta da baƙin tef na masu gyaran wuta a kan safar, ki ja farin layi biyu a gefe, daga nesa ya wadatar.

'Yan tafi da tuntayensu

Al'adar tsayar da ƙungiyar 'yan tafi a bakin fili tana rawa da waƙa don zuga 'yan wasa daga jami'o'in Amurka ta fito. Ana danganta farkonta da jami'ar Minesota a 1898, kuma maza ne suka fara, sai daga baya mata suka rinjaye ta. Mu nan zuga ba baƙuwa ba ce, maroƙa da makaɗa da masu guɗa sun daɗe suna yi. Abin da yara suka gani a waya ya burge su shi ne manyan tuntaye biyu da ake kaɗawa a hannu, da siket mai kalmasa.

Tuntu na gaske yakan kai santimita 25 zuwa 30, naki ya tsaya a 4 zuwa 5. Hanya biyu ce.

Ta zaren ulu: ki yanki kwali mai faɗin santimita 5, ki yi masa tsaga a tsakiya inda zaren ɗauri zai ratsa. Ki naɗa ulu sau 60 zuwa 70, kada ki ja da ƙarfi. In launi uku kike so, ki haɗa zare ukun ki naɗa tare sau 25. Ki ratsa zare mai ƙarfi, irin na kitso, ta tsagar, ki ɗaure tsakiyar naɗin gaba da baya. Nan ne aikin yake. Ki ja har sai kin ji ya ƙi, ki sa wani ya danna da yatsa, ki ƙulla sau biyu, ki juya ki sake ƙullawa ta ɗaya gefen. Ɗaurin da ya yi sako-sako shi ke sa tuntu ya yi ta zubar da gashi har ya ƙare. Sai ki zare kwalin, ki yanke lanƙwasar gefe biyu, ki girgiza, ki aske shi da almakashi ya yi zagaye.

Na ulu yana da ƙarko, amma ni na leda na fi so, domin shi ne ke ƙyalli da ƙara in an kaɗa, kamar na gasken. Ki sami leda mai launi, ko ta biskit wadda cikinta ke da ruwan azurfa, ki wanke ta bushe. Ki yanki guda 6 zuwa 8, kowace santimita 8 da 6, ki jera su kan juna ki kama da abin maƙale shanya. Daga dogayen gefuna biyu ki riƙa tsaga geza zuwa ciki, kowace tsaga tsawon santimita 2.5, faɗinta milimita 2 ko 3, ki bar santimita ɗaya a tsakiya ba yanka. Gwargwadon sirantar gezar, gwargwadon kyan tuntun. Ki tattare tsakiyar nan da ba a yanka ba, ki ɗaure tam. Sai ki rarraba gezar da yatsa hawa-hawa, ki murje shi tsakanin tafukanki ya yamutse ya tashi.

Hannun 'yar tsana ba ya riƙo. Saboda haka tun lokacin ɗaurin tsakiya ki haɗa da ƙaramar robar kitso, ita za ki zura a wuyan hannunta. A riƙa cire ta bayan wasa, don zafin Maradi na narkar da roba ta manne a jiki ta bar tabo.

Siket ɗin kalmasa yana cin ƙyalle ninki uku na faɗin kwankwaso. In kin auna 13, ki yanki 40. Tsawo kuwa, nasu na can guntu ne ƙwarai, ba kuma dole a kwaikwayi komai ba: santimita 11 zai sauka ƙasa da gwiwa, a sa dogon wando na safa a ciki, ya yi kyau kuma ba mai cewa komai. Ki fara ninke bakin ƙasa ki ɗinke tun ƙyallen yana a shimfiɗe. Ki sa alama kowane santimita ɗaya a bakin sama. Ki ɗauki alama ta farko ki kwantar da ita a kan ta uku, ki soka allura, sai ta huɗu a kan ta shida, haka har ƙarshe, duk su kalli gefe guda. Ki goge da dutsen guga, da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakani in yadin mai roba ne. Ki bi saman da ɗinki, ki rufe da siririn ribom a matsayin ƙugu, ki sa maɓallin dannawa a baya. Ƙyallen atamfa mai sitaci ya fi riƙe kalmasa. Mai santsi wahala ce kawai.

Sauran kayan magoya baya ba su da wuya. Bubuzela, ƙahon da ya cika kunnen duniya a gasar 2010 a Afirka ta Kudu, kusan santimita 65 ne, naki 11: a naɗe takarda mai kauri ta yi tsini, a buɗe bakin, a shafa fenti. Tuta a kan tsinken tsire da aka datse wa tsini, santimita 7 da 6: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irar ruwan goro, tsanwa a ƙasa.

Ɗan kokowa

Nan ne ya kamata ɗan Maradi ya zuba gwaninta, don ba wani kamfanin waje da zai yi mana shi. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maradi ne ya fara lashe ta, shi ya sa filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa. Jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokowa goma.

Namijin 'yar tsana ba ya yawa a kasuwa, kuma ko an samu jikinsa a sandare yake, ba ya duƙawa. Gara a ƙera shi. In akwai yaro mai haɗa motar waya a gidan, wannan aikinsa ne. Waya mai santimita 65 a ninka biyu. Wajen lanƙwasar a bar zobe na santimita 4, kai ke nan. A murɗe santimita 11 na ƙasa da shi, wuya da gangar jiki. A raba sauran biyu su zama ƙafafu, a lanƙwasa santimita 2.5 na ƙarshe su zama tafin ƙafa. Wata wayar mai 32 a naɗa ta sau ɗaya a kafaɗa, hannuwa sun samu. Kowane bakin waya a mayar da shi baya da filaya a danne, kada ya huda ƙyalle ya soki yaro. Sai a yi ta naɗa tsummoki, a ƙara kauri a ƙirji, damatsa da cinyoyi, a rufe da baƙar safa ko mai ruwan ƙasa a ɗinke ta baya. A yi guda biyu, kokowa ba ta mutum ɗaya ba ce. Tsayuwarsu: gwiwa a lanƙwashe, ƙugu baya, hannuwa gaba suna neman kamu.

Ki je wurin dukawa ki roƙi guntayen da suka rage. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarfinta, kuma laushin nan ne ke sa ta naɗu a ƙaramin abu ba ta karye ba. Ki zaɓi mafi sirara. In baduku ya yarda ya ƙara fere miki bayanta, ya gama miki komai.

Walki: fata mai santimita 14 da 7, ki tsaga geza daga ƙasa zuwa sama ki bar santimita 1.5, ki huda gefe biyu ki sa igiya, a ɗaura kan gajeren wando. Guru: guntun igiyar takalmi daidai ƙugu, ki shafa kol, ki naɗe da siririyar fata, ki bar zare a bakin biyu don ɗauri. Biyu ko uku masu launi daban sun fi ɗaya kyau. Kambu haka ake yinsa, sai dai gajere, a damtse. Layu su ne masu cin lokaci: ki yanki kwali murabba'i milimita 6, ki ɗora a kan fata mai faɗin 8 da tsawon 16, ki shimfiɗa zare a tsakiya, ki ninke fatar a kansa da kol, ki danne da abin maƙale shanya. Ki jera biyar ko bakwai a zare ɗaya. Kwali tsura za a sa a ciki, ba rubutu, domin abin wasa ne da zai kwana a ƙasa.

Takobi, kyautar wanda ya lashe gasar, kusan santimita 90 ne, naki 15. Kada ki yanka shi daga gwangwani, yana yanka da gaske. Kwali hawa uku a manne, faɗin santimita ɗaya, a lulluɓe ruwan da takarda mai ruwan azurfa, a gitta guntun ashana a wajen mariƙi, a naɗe mariƙin da baƙin zare. Kube fata ce a ninke a ɗinke gefe, a sa masa hamila ta jan zare da ƙananan tuntaye biyu. Wanda ya yi kaye a ƙarshe sai a naɗa masa rawani: farin ƙyalle mara nauyi, faɗin santimita 3, tsawon 60.

Fili ba ya cika sai da ganga. Ƙaramin gwangwanin tumatir a cire masa baki biyu, a danne kaifin da filaya a rufe da tef, a lulluɓe jikin da ƙyalle. A yanki fata biyu masu zagaye da suka ɗan fi bakin faɗi, a huda ramuka takwas a gefen kowace, a jiƙa su, a riƙa ratsa zare daga ta sama zuwa ta ƙasa ana ja. In fatar ta bushe za ta ɗaure har ta yi ɗan amo. Makaɗi waya ce mai lanƙwasa a naɗe da zare.

Da'irar kuwa babban tire ne ko murfin kwali, a zuba yashin gulbi da aka tankaɗe da rariya. Buhunan da ke kewaye fili ki ɗinka su daga farin ƙyalle, santimita 6 da 4, ki cika da yashi kashi biyu cikin uku don su kwanta, ki jera a zagaye.

Kofi, lambar yabo da kayan alƙali

Kofi: murfin kwalba a kife, guntun bututun biro mai santimita 3 a tsaye a kai, wani murfin mai zurfi a sama yana kallon sama, hannuwa biyu na waya, a lulluɓe duka da takarda mai ruwan zinariya. Lambar yabo maɓallin riga ne a naɗe da irin takardar, a rataye da siririn ribom. Katin gargaɗi da na kora, rawaya da ja, santimita 2 da 1.3. Usur dutsen ado ne ƙarami da guntun tsinke a manne a gefe, a rataye da baƙin zare.

Ƙanana da ajiya

Usur, layu, lambar yabo, kati da ƙwallon kansa duk suna shiga baki, suna kuma iya toshe maƙogwaro. Yaron da bai kai shekara uku ba kada a ba shi ko ɗaya, kuma in akwai mai rarrafe a gidan a yi wasan a kan tabarma guda, a ƙirga kayan kafin a tashi. Abin da za a iya ɗinkewa a jikin 'yar tsana, kamar layu da kambu, a ɗinke shi kawai.

Gwangwanin madara mai murfi ya ishi ƙananan kaya. Tuntaye a rataye su ko a ba su nasu gwangwanin, in an danne su suna kwanciya, na leda kuma ba ya sake tashi daidai. Duk abin da aka yi da fulawa abincin kyankyaso da ɓera ne, da damina kuma yana fumfuna, don haka a shafe shi da fenti ko kol ko'ina, a riƙa fito da shi yana shan iska. Ragar kara a rataye ta a ƙusa, nesa da ƙasa saboda gara. Fatar walki da kube in ta bushe da hunturu, ɗigon man gyaɗa a yatsa a murza mata, a goge da ƙyalle kafin a mayar wa ɗan kokowa.